Itacen Ƙasar Ƙanƙara a Farfajiyar Abuja

Masu renon tsirrai na Abuja sun san inda za su baje hajarsu: gefen babban titi, kusa da rafi ko ƙarƙashin gada, inda ruwa ba ya yankewa kuma mai mota zai samu wurin tsayawa. Daga hanyar filin jirgin sama zuwa Jabi, daga Gwarinpa zuwa Maitama, baƙaƙen ledoji ne jere sahu-sahu, kowace da ɗan tsironta. Da watan Nuwamba ya raba tsakiya, sai a jawo wani irin itace zuwa sahun gaba, mai faɗin gindi da tsinin kai, rassansa hawa-hawa, ganyensa sirara. “Bishiyar Kirsimeti” ake ce masa, amma ba Kirista kaɗai ke saye ba. Alhajin da ya gama sabon gida a Guzape yana so, hajiyar da ke gyaran farfajiya a Wuse tana so, manajan otal ma yana son guda biyu a bakin ƙofa, domin haka ake gani a hotunan gidajen Turai. Mai zurfafawa kuma yakan wuce masu ledoji ya shiga intanet, inda ake tallar irin ainihin itacen da duk waɗannan ke kwaikwayo, wato sifirus, musamman mai launin shuɗi-shuɗin nan na duwatsun Kolorado a Amurka.

Mai wannan niyya gara ya adana kuɗinsa. Sifirus ba zai rayu a Abuja ba, ko da an ɗaukar masa ma'aikaci na musamman. Sai dai zancen ya wuce na itace guda. Sha'awarsa tana nuna yadda babban birnin ƙasar ke zaɓen abin da zai shuka: ana duba siffa, ana tambayar ko “ɗan waje ne”, ba a tambayar ko zai ba da inuwa a watan Maris, ko durom nawa na ruwa zai sha kafin damina ta dawo. Birnin da aka gina a tsakiyar dajin kaɗanya da ɗorawa ya kamata ya sake wannan lissafi.

A fara ba sifirus haƙƙinsa. Dangi ne mai jinsi kusan 35, dukkansu 'yan arewacin duniya: dazuzzukan Rasha da Kanada da Norway da Suwidin, da manyan tsaunukan Turai da Asiya da Amurka ta Arewa. Babu ko ɗaya da ya tsiro da kansa a nahiyar Afirka. Ko tsaunukan Atlas na Maroko da Aljeriya, waɗanda dusar ƙanƙara ke sauka a kansu kowace shekara, itacen sida da wasu 'yan uwansa gare su, ba sifirus ba. A gidansa itace ne mai daraja. Da shi ake yin takarda da katakon gini, da shi kuma Antonio Stradivari na Italiya ya ƙera fuskar gogen Turawa da ake cinikinsa da miliyoyin daloli a yau. Tun 1947 birnin Oslo ke sare guda ɗaya mai tsayin kimanin mita 20 duk shekara ya aika Landan, a kafa shi a Dandalin Trafalgar, tukuicin taimakon da Birtaniya ta yi wa Norway a Yaƙin Duniya na Biyu. A kan wani tsauni a Suwidin akwai wanda aka auna saiwarsa aka samu ta haura shekara 9,500, tana fitar da sabon jiki duk lokacin da tsohon ya mutu.

Duk wannan ƙarfin nasa a kan sanyi ya ginu. Abu biyu ke tafiyar da rayuwar sifirus: tsawon dare da tsananin sanyi. A Oslo rana takan yi kusan awa 19 ba ta faɗi ba a watan Yuni, kuma a wannan tsakanin yake girma. Da dare ya fara tsawo sai ya tsaya, ya ɗaure bakin toho, ya kwanta. Ba zai farka yadda ya kamata ba sai ya sha makonni cikin sanyin da ya kusa daskarar da ruwa. Ita kuwa Abuja tana digiri 9 ne kacal arewa da layin da ya raba duniya biyu, darenta da yininta kusan awa 12 ne kowanne, rani da damina. Tsiron da ya fito daga Norway kullum daren Abuja gaya masa yake yi hunturu ya ƙarato, sai ya rufe toho ya zauna jiran sanyin da ba zai zo ba. Sanyin da ke sa mutanen Kubwa neman bargo da asubar Janairu yawanci digiri 15 ne zuwa 18. Wannan shi ne matsakaicin zafin watan Yuli a Oslo.

Sannan ga rani. Iskar hunturu ta busar da komai, watan Maris ya biyo baya da zafin da ke haura digiri 35. Saiwar sifirus ba mai nitsewa ba ce, shimfiɗuwa take yi a saman ƙasa, daidai inda jar ƙasar Abuja ke fara ƙanƙamewa. Ko a Amurka, masu lambu na jihohin kudu irin su Florida sun daɗe da haƙura da shuɗin sifirus ɗin da ake marmari a nan.

Wanda ke ganin kuɗi da famfon feshi za su yi maganin wannan, ya dubi Jamus. Fiye da shekara 200 Jamusawa suna dasa sifirus a filayen da ba nasa ba, ƙasa da tsaunukan da ya saba, saboda yana saurin ba da miƙaƙƙen katako. Fari da zafin da aka yi daga 2018 zuwa 2020 suka raunana itatuwan, wani ɗan ƙwaro mai haƙa ƙarƙashin ɓawo ya ƙarasa su. Hotunan tauraron ɗan'adam da cibiyar binciken sararin samaniya ta Jamus ta nazarta sun nuna an rasa kusan hekta dubu 500 na daji tsakanin Janairun 2018 da Afrilun 2021, galibi na itatuwa masu ganyen allura. A tsaunukan Harz har yanzu ana ganin gangare sukutum na busassun itatuwa a tsaye. Wannan fa ƙasar da ta koya wa duniya ilimin gandun daji ce, kuma farin da ya yi mata ɓarnar bai kama ƙafar ranin da Gwagwalada ke gani kowace shekara ba, wata huɗu zuwa biyar kusan ba ɗigon ruwa.

To me ke cikin ledojin bakin titi? Kallon kitse ake yi wa rogo. Mafi yawan abin da ake kira bishiyar Kirsimeti a Najeriya araukariya ce, 'yar tsibiran Norfolk da Niyu Kaledoniya a tekun Fasifik, wadda ba ta san ƙanƙara ba. Tana rayuwa a Abuja, amma da iskar teku mai laima ta saba. Idan hunturu ya busa ba a wadata ta da ruwa ba, rassan ƙasa su yi ja su zube, kuma reshen da ya zube ba ya dawowa. Bayan 'yan shekaru mai gida ya wayi gari da doguwar sanda mai tukku a ka. Akwai kasuwarina, mai kuka idan iska ta ratsa ta, 'yar gaɓar tekun Ostareliya da kudu maso gabashin Asiya, wadda kama kawai ta yi da masu ganyen allura, kuma abin da take zubarwa ba ya barin ciyawa ta fito a gindinta. Akwai tuja, da ake yi wa aski a mayar da ita shinge. Sai kuma sarkin farfajiyoyin Abuja, maskwared, dogon itacen nan ɗan Indiya da Siri Lanka mai rassa zube a jiki, wanda ya jeru a jikin katanga daga Asokoro har Lokogoma. Yana jure rani, ba ya cin wuri, yana tare idon maƙwabci. Amma ba a taɓa ganin wanda ya shimfiɗa tabarma a gindinsa ba. Hausawa sun yi wa giginya gorin cewa na nesa ke shan inuwarta. Maskwared ko na nesa bai samu ba.

Najeriya ta taɓa gwada itatuwa masu ganyen allura da gaske, kuma akwai abin koyi a yadda aka yi gwajin. Daga shekarun 1950 zuwa na 1970 masana gandun daji, ciki har da na tashar binciken da ke Samaru a Zariya, sun nemi itacen fayin da zai ba masana'antun takarda dogon zare. Ba su nufi Norway ba. Ƙasashe masu rani da damina suka duba, suka kawo fayin na yankin Karebiyan da Amurka ta Tsakiya. Duk da haka dashen farko ya ƙi, tsirrai su yi rawaya su tsaya cak. Sai da aka gane cewa fayin ba ya iya tsotsar abinci sosai sai da taimakon wata irin funfuna da ke zama a saiwarsa, wadda ƙasar nan ba ta da ita, aka nemo ta aka cuɗa a ƙasar reno, sannan ya kama. Gandun Afaka kusa da Kaduna, da na Miango a Filato, da na Ngwo a Inugu, duk 'ya'yan wannan wahalar ne. Ƙwararru ke nan da filayen gwaji da shekaru a hannunsu, kuma abin da suka samu fayin ne na ƙasashe masu zafi. Sifirus ma yana da irin wannan buƙata ta funfuna, a kan buƙatar sanyin da ba mai iya kawo masa.

Kada a ɗauka ƙyamar baƙo ce. Darbejiya, wadda wasu ke kira dogon yaro ko maina, 'yar Indiya ce. A 1928 aka fara dasa ta a Borno, yau kuma da wuya a samu garin arewa da ba ta mamaye titunansa ba. Alhazai sun san ta a filin Arfa, inda aka dasa dubbanta domin su samu mafaka daga rana. Mangwaro da zogale daga Asiya suka zo, gwaiba da kashu daga nahiyar Amurka. Ba wanda ke tambayar su takardar zama ɗan ƙasa, domin sun fito daga yanayi irin na nan, suna ratsa rani ba tare da tiyo ba, kuma suna biyan kuɗin wurin da suka tare da inuwa ko 'ya'ya ko magani. Wannan ne ma'aunin da ya kamata a ɗora kowane itacen ado a kai.

Inuwa a Abuja ba abin alfarma ba ce. Bayan dokar soja mai lamba 6 ta 1976 da gwamnatin Murtala Muhammad ta kafa birnin da ita, babban tsarin da aka kammala a 1979 ya ware kusan kashi ɗaya cikin uku na filin birnin domin lambuna da kwaruruka da wuraren shan iska. Masu tsarin sun san inda suke gini. Abin da ya biyo baya kowa ya gani: filayen shaƙatawa da dama sun koma wuraren gashin kifi da rukunin shaguna, sababbin gidaje kuma an shafe farfajiyarsu da intalok daga katanga zuwa katanga, an bar 'yan ramuka a gefe domin maskwared. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa wurin da inuwa ta rufe yakan fi wanda rana ke duka kai tsaye sanyi da digiri 11 zuwa 25 a lokacin da zafi ya kai ƙarshe. Bangon yamma da ya sha rana tun azahar shi ke hana ɗaki sanyi har tsakar dare, shi ke sa na'urar sanyaya ɗaki aiki ba hutu. Tun watan Afrilun 2024 da aka ninka kuɗin wuta fiye da sau uku ga 'yan rukunin A na masu amfani da lantarki, maganar inda aka dasa itace a gida ta zama maganar aljihu.

Haka ma ruwa. Madatsar Lower Usuma da ke shayar da birnin sai da aka ƙara mata da bututun da ya taso daga Gurara a Jihar Kaduna. Unguwanni da dama a Lugbe da Mpape da Nyanya da 'yan garuwa da rijiyar burtsatse suka dogara. A irin wannan gari, itacen da ba zai kai watan Afrilu ba sai an kwarara masa ruwa kullum, rabon wani yake sha.

Abin takaicin shi ne dajin da aka sare aka gina Abuja yana da nasa kayan ado, kuma lokacin da suke fitowa shi ne daidai lokacin da baƙin itatuwa ke galabaita. Gurjiya takan zubar da ganye da farkon rani, ta cika da manyan furanni ja da ruwan goro a kan rassa tsirara; a Binuwai da Burkina Faso har miya ake yi da gindin furen. Minjirya tana fitar da jan fure mai ɗaukar ido, kuma ba ta buƙatar iri, reshe ake sarowa a kafa ya kama, shi ya sa manoma ke shinge da ita. Sansami yakan lulluɓe kansa da fure mai ruwan hoda kafin ganye ya fito. Madobiya takan yi rawaya fes a tsakiyar hunturu. Marga, wadda wasu ke kira gama-faɗa, tana sako dogayen zangarnun fure masu ruwan ɗorawa gab da faɗuwar damina, kuma girmanta daidai ne da matsakaicin gida. Ɗorawa kanta tana rataye jajayen tuntaye, kaɗanya tana ƙamshin da ke tara ƙudan zuma. Mai son itacen da ba ya rabuwa da ganye, ga kanya mai duhun inuwa, ga tsamiya, ga maɗaci. Mai 'yar baranda kuma ga kariya, gajeren itacen nan mai kumburarren gindi da jan fure da ake gani a ƙauyukan Katsina da Sakkwato. Ita ce masu lambu a Tailan suka ɗauka suka yi ta aurarwa har ta ba da launuka iri-iri, suke sayar wa duniya a tukwane. Wasu daga cikin masu sayen ta da tsada a Abuja ba su san a bayan gidan kakanninsu take fitowa ba.

Na waje sun riga sun ga abin da ake rainawa a nan. A Singafo, birnin da shugabannin Afirka ke yawan kafa misali da shi, maɗaci yana cikin manyan itatuwan titi. Ranar 2 ga Nuwamba, 1980, Lee Kuan Yew ya dasa guda da hannunsa a lambun tsirrai na birnin, kuma yau ya haura mita 40, yana cikin itatuwan da aka yi wa rajistar tarihi. Labarin Burazil ya fi kusa da na Abuja, tun da ita ma sabon babban birni ta gina a tsakiyar daji. A 1928 wani matashi mai suna Roberto Burle Marx ya je Balin karatun zane, ya shiga lambun tsirrai na Dahlem, ya tarar da tsirran ƙasarsa a ɗakunan gilashi ana tattalinsu, alhali attajiran Riyo suna ɗaukar su ciyawar daji suna shuka furannin Turai. Da ya koma gida sai ya shiga daji neman su. Shi ya tsara lambunan ma'aikatar harkokin waje a Brasiliya da babban filin Flamengo a Riyo, kuma a 2021 UNESCO ta sa gonarsa cikin wuraren tarihi na duniya. Abuja ta ɗauko Kenzo Tange daga Japan ya zana mata tsakiyar gari, ta ɗauko Manfredi Nicoletti daga Italiya ya tsara Millennium Park da Sarauniya Elizabeth ta buɗe ranar 4 ga Disamba, 2003. Abin da ya rage mata shi ne mai lambun da zai shiga dajin Kwali da Abaji da idon neman ado.

Masu gida suna da uzurinsu, kuma ba duka ne na banza ba. Na farko, itatuwan daji suna da nawa. Kaɗanya takan kai shekara 15 ko fiye kafin ta yi 'ya'ya, mai haya kuwa ba ya dasa abin da ba zai gani ba. Gaskiya ne, amma marga da minjirya da maɗaci ba su da wannan nawar, kuma auren reshe yana rage wa kaɗanya shekaru yadda yake rage wa mangwaro. Na biyu, saiwa. Ceɗiya da durumi da gamji suna fasa daɓe, suna shiga ramin masai, ba su dace da ƙaramin gida ba. Wurinsu dandali ne da harabar makaranta da bakin masallaci. Maɗaci ma yana son fili. Birnin Darwin na Ostareliya, da ya dasa shi barkatai, ya ga yadda guguwar 2018 ta tumɓuke da yawa daga ciki ta jefa kan gidaje da wayoyin wuta. Na uku, camfi: akwai masu gudun tsamiya da kuka a cikin gida saboda maganar iskoki, kuma ba a raba mutum da abin da ya tashi da shi da rubutun jarida. Ga irinsu, jerin da aka ambata yana da tsawo, ba dole sai tsamiya ba. Na huɗu shi ne mafi girma: ko mutum yana so, ba zai samu a ledojin bakin titi ba. Mai reno abin da ake tambaya yake renowa, mai saye kuma abin da ya gani yake tambaya.

A halin da ake ciki kuwa, iyayen da za a samo irin daga gare su suna ƙarewa. Buhunan gawayin da ke jere a hanyar Kaduna da ta Keffi da ta Lakwaja, da yawansu ƙirya ce da marke da kaɗanya. Madobiya ta sha sara a Taraba da Kogi ana loda ta zuwa Sin, har yarjejeniyar CITES ta sa ta cikin itatuwan da ake sa wa ido a 2016, sannan ta ƙara da maɗaci da kawo a taron Panama na 2022. A watan Agustan 2025 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen 'ya'yan kaɗanya na wata shida domin a riƙa sarrafa su a gida. Daraja ke nan aka yarda itacen yana da ita. Amma a bayan Kuje da Karshi da Gwagwalada, abu na farko da mai gina rukunin gidaje ke yi shi ne ya sa katafila ta share komai, kaɗanyar da ta shekara 60 da ɗorawar da Gbagyi suka gada duka, in an gama gini a sayo maskwared. Manoman Maraɗi da Damagaram sun nuna akwai wata hanya. Tun shekarun 1980, da abin da suke kira sassabin zamani, wato barin kututturen da ke gona ya yi toho a zaɓi reshe mai ƙarfi a rene shi, suka dawo da itatuwa kimanin miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, galibi ba tare da leda ko tiyo ba. Itacen da aka tarar a fili shi ne mafi arha, shi ne kuma ya riga ya ci jarrabawar rani.

Ga mai gida, abin yi ba shi da wuya. Ya ɗaga intalok a ɓangaren yamma da kudu maso yamma, ya haƙa rami mai faɗi, ya cuɗa ƙasar da ruɓaɓɓen taki, ya dasa a watan Yuni ko Yuli domin saiwa ta yi nisa kafin ruwa ya ɗauke. Ranin farko da na biyu ne kawai za a sha wahalar ban ruwa da tsaron gara da awaki. Babban itace irin maɗaci ya ba shi tazarar mita 8 zuwa 10 daga gini. Inda fili bai kai ba, marga ko sansami ko lemun tsami sun wadatar, lalle kuma ya yi shinge. Wanda ransa ya kafe a kan itace mai siffar dala, ya sa araukariya guda a babbar tukunya a barandar gabas, inda za ta sha hantsi ta tsira daga zafin la'asar, ya san cewa abin kallo ya saya, ba inuwa ba.

Babban aikin dai na Hukumar Babban Birnin Tarayya ne, domin ita ce babbar mai sayen tsirrai, kuma abin da ta saya shi masu reno za su reno. Sashen lambuna da wuraren shaƙatawa zai iya sa sharaɗi a kowace kwangilar dashen titi cewa rabin itatuwan su zama na dajin yankin, kuma kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai itacen ya ratsa rani biyu a raye. A 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alƙawarin dasa itatuwa miliyan 25 a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya. Irin wannan adadi na ranar dashe ne, alhali ƙidayar da ke da amfani ita ce ta watan Afrilu. Sashen da ke ba da izinin gini zai iya neman kowane mai rukunin gidaje ya nuna manyan itatuwan da ke filinsa a kan taswira, ya kawo hujja kafin ya sare ko ɗaya. Gandun itatuwa na ƙasa da ke kusa da Dutsen Aso, da ɓangaren Millennium Park da aka bar wa tsirran daji, za su iya zama wurin da 'yan makaranta da masu zanen gidaje za su ga gurjiya da sansami da idonsu, kowanne da allon sunansa da Hausa da Gbagyi da Turanci. Cibiyar binciken gandun daji ta Ibadan da kwalejojinta na Jos da Afaka suna da ilimin reno; abin da ya rage a haɗa su da masu ledoji na bakin titi, a koya musu yadda ake jiƙa irin ɗorawa da na marga a ruwan zafi kafin shuka.

Wannan aiki yana da lokacinsa. Kwanson maɗaci yana fashewa ne a ƙarshen rani, kuma irinsa ba ya jure ajiya, cikin 'yan watanni yake mutuwa idan ba a shuka ba. Ɗorawa tana nuna gab da faɗuwar ruwa, kaɗanya kuma da farkon damina, kuma 'ya'yanta sai an shuka su da ɗanyensu. Idan ana son a samu abin dasawa a titunan Guzape da Katampe da Karsana nan da shekara biyu, a cikin ranin nan ne ya kamata a yi wa iyayen itatuwan da suka rage a Kuje da Kwali da Bwari da Abaji alama, a biya mutanen ƙauyukan da ke kusa su tsare su, su kuma tsinto irin.